Ina Ruwan Manomi Da Teku?

Wata rana da bazara muna zaune da manoma a gindin tsamiya a wani ƙauye na ƙasar Tudun Wada, ina karanta musu hasashen damina na shekara. Da na kai wurin da takardar ta yi maganar zafin ruwan tekun Fasifik, sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, dakata. Ni dai ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na Tiga. To, ina ruwan gonata da teku?" Jama'a suka yi dariya. Na ce, "Baba, tambayarka babba ce, ba ta amsuwa a tsaye." Na amsa masa iyakar abin da lokaci ya bari, na kuma yi alkawari zan rubuta sauran domin 'yan'uwa manoma na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su karanta, su kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Daga ina ruwan sama yake zuwa?

Kowane manomi ya san iska biyu ne suke mulkin shekararmu. Da hunturu iska takan taso daga arewa maso gabas, daga hamada, busasshiya mai ƙura. Da bazara sai ta juya, ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, da laima a cikinta. Wannan laima kuwa tururin ruwan tekun Atlantika ne, wanda yake kudu da Ikko da Fatakwal. Rana takan dafa fuskar teku, tururi ya tashi, iska ta ɗauko shi ta ƙetare kurmi da shi, ta wuce Kaduna da Zariya, ta iso duwatsun Riruwai da dajin Falgore kafin ta kai birnin Kano. Shi ya sa Doguwa takan riga arewacin jiha samun ruwa, ta kuma fi su yawansa. Watau ruwan da ya jiƙa kunyar masararka, kwanaki kaɗan da suka wuce yana cikin teku.

Ga abu na biyu. Ku taɓa dutse da azahar ku ji zafinsa, ku koma da asuba ku ji ya yi sanyi ƙalau. Amma ruwan randa ba ya saurin yin zafi, in kuwa ya yi, ba ya saurin hucewa. Haka teku yake. In wani sashe nasa ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, yakan daɗe a haka wata da watanni, iska da gizagizai kuma suna bin sa. Ba mai iya faɗa maka tun watan Maris ko za a yi ruwa ranar kaza ga Yuli. Amma wanda ya san zafin teku a watan Maris da Afrilu ya sami ɗan haske a kan irin daminar da take tafe, gama teku ba ya sāke hali dare ɗaya.

Yaro da Yarinya

Tekun Fasifik shi ne mafi girma a duniya, ya rufe wajen kashi ɗaya cikin uku na fuskar duniya. Gabas da shi akwai ƙasar Peru a Amurka ta Kudu, yamma da shi kuwa Indunisiya da Ostareliya. A shekarun da komai yake daidai, iska tana busawa kullum daga gabas zuwa yamma. Ku zuba ruwa a faranti ku hura daga gefe ɗaya, za ku ga ya taru a ɗaya gefen. Haka wannan iska take tura ruwan sama-sama mai ɗumi ta tara shi wajen Indunisiya, can kuma hadari yake haɗuwa a yi ta ruwa. A gaɓar Peru sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa, da abincin kifi mai yawa a cikinsa.

To, bayan shekara biyu zuwa bakwai sai iskar nan ta yi rauni. Ruwan ɗumin da aka tara a yamma sai ya gangaro gabas, hadari ya biyo shi. Masuntan Peru sun daɗe da sanin wani ruwan ɗumi da yakan zo musu wajen lokacin Kirsimeti, suka sa masa suna El Nino, ana furta shi El Ninyo, watau Yaro, suna nufin jariri Yesu. Daga baya masana suka ɗauki sunan suka ba wannan babban ɗumi da yakan kama tsakiyar teku da gabashinsa, yakan kuma yi wata 9 zuwa 12. In kuma iskar ta ƙara ƙarfi, ruwan ya yi sanyi fiye da kullum, sai a ce La Nina, watau Yarinya.

Tun da yake wurin yana da faɗi ƙwarai, in hadarin Fasifik ya sāke mazauni sai ya taɓa tafiyar iska ta sama a dukan ƙasashe masu zafi. A shekarar El Nino iskar can sama takan ƙara ɗumi har a kanmu, hadari kuwa ba ya jin daɗin tashi sai in sama ta fi ƙasa sanyi sosai. Saboda haka sau da yawa El Nino yakan rage ruwa a ƙasar Hausa da sauran ƙasashen bakin hamada, La Nina kuma takan ƙara shi. Ku lura da kalmar nan, sau da yawa. Za mu komo kanta.

Abin da dattawanmu suka gani

Ba wanda ya yi noma a 1972 da 1973 da zai manta da farin shekarun nan. Gero ya ƙone a tsaye, shanu suka mutu, mutane suka kwararo daga arewa neman abinci. A 1972 ɗin nan an yi babban El Nino, har sana'ar kamun ƙananan kifi ta Peru, wadda ta fi kowace girma a duniya a lokacin, ta durƙushe. Masuncin Peru da manomin Ƙiru ba su san juna ba, amma wahalarsu ta haɗu a shekara guda. A cikin shekarun nan ne ake gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta a 1974.

Aka sāke yin wani El Nino wanda ya fi wancan ƙarfi a 1982 zuwa 1983, fari kuma ya komo a 1983 da 1984. Na 1987 ma ya zo da ƙarancin ruwa. Sai ga 1988 teku ya juya, La Nina ta shigo da ƙarfi. A watan Agusta na shekarar aka yi ta sheƙa ruwa a ƙasar Kano, har madatsar Bagauda, nan ƙasar Bebeji, ta ɓalle, ruwa ya ci gonaki da gidaje. Shekara guda tsakanin kukan fari da kukan ambaliya.

Yadda aka gano, da yadda ake awo

Bayan yunwar da aka yi a Indiya a 1899, wani Bature mai ilmin lissafi, Gilbert Walker, ya zama shugaban ma'aikatar duba yanayi ta ƙasar a 1904. Ya yi shekaru yana kwatanta littattafan awo na ƙasashe dabam dabam, har ya lura cewa in nauyin iska ya hau a gabashin Fasifik sai ya sauka a wajen Ostareliya da Indiya, in ya sauka can sai ya hau nan, kamar sikeli. Amma bai san dalili ba. Sai a 1969 wani masani, Jacob Bjerknes, ya nuna cewa sikelin Walker da ruwan ɗumin masuntan Peru abu ɗaya ne: teku yana juya iska, iska kuma tana juya teku.

Duk da haka El Nino na 1982 ya shammaci masana. Sai da ya yi nisa kafin su tabbata ya zo, domin kayan awo a teku kaɗan ne, ƙurar dutsen da ya yi aman wuta a Meksiko a shekarar kuma ta rikita awon taurarin ɗan'adam. Wannan ya sa ƙasashe suka haɗa kai tun daga 1985 suka shiga dasa ma'aunai a teku. Ku tuna da gorar da masunci yake hawa a kan ruwa. To, irinta ce, amma babba, an ɗaure ta da doguwar igiyar ƙarfe har ƙasan teku. A samanta akwai ma'aunin iska, a jikin igiyar kuma an jera ma'aunan zafi har zurfin mita 500. Kullum tana aika abin da ta auna ta hanyar tauraron ɗan'adam. A 1994 aka gama jera wajen 70 a tsakiyar Fasifik. Daga 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suka fara dasa irinsu a Atlantika, tekun da ya fi kusa da mu.

Akwai kuma wasu da ba a ɗaure ba, ana ce musu Argo, an fara sakinsu wajen shekarar 2000, yawansu ya kai kusan 4,000. Kowace takan nutse har mita 2,000, bayan kwana 10 ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika labari, ta sāke nutsewa. Taurarin ɗan'adam kuma suna auna zafin fuskar teku da tudunsa daga sama, gama ruwan ɗumi yakan kumbura ya ɗan fi mai sanyi tudu.

Me ya sa ake auna har ƙasa? Domin kafin El Nino ya bayyana a sama, ruwan ɗumi yakan fara tafiya gabas ta ƙarƙashi, kamar gara a cikin azara. Wanda ya ga wannan ya riga kowa sani da watanni. Dukan awon nan ana zuba shi cikin manyan kwamfutoci su lissafta inda abin ya nufa. Mark Cane da Stephen Zebiak na Jami'ar Kolombiya a Amurka su ne suka fara yin irin wannan hasashe da kwamfuta a 1986, ya kuwa yi daidai. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Amurka ita ce a duba wani yanki na tsakiyar Fasifik: in zafinsa ya haura na kullum da rabin digiri ko fiye, ya kuma daɗe a haka watanni, El Nino ke nan, in ya gaza da rabin digiri, La Nina. Rabin digiri ba abin da hannu zai ji ba ne, amma a kan ruwa mai faɗin dubban mil wuta ce babba.

Tekunmu na kusa

Kada mu ɗora wa Fasifik laifi duka. Sa'ad da aka yi farin 1973, masana da yawa sun zaci mu ne muka jawo shi da saran itatuwa da yawan kiwo. Saran daji ɓarna ne, ba shakka. Amma a 1986 masanan ofishin yanayi na Ingila suka nuna cewa ruwan ƙasashen bakin hamada yana bin bambancin zafi tsakanin tekunan arewa da na kudu, tun shekarar kuma suka fara gwada hasashen daminarmu. A 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka ƙara tabbatar da cewa zafin tekuna ne babban abin da ya jawo dogon farin shekarun 1970 da 1980.

Ga yadda abin yake. Iskar damina tana neman wuri mai zafi ne ta nufa. In ruwan da yake kudu da Ikko ya yi sanyi a watan Yuni, ƙasa kuma ta yi zafi, sai iskar ta yi ƙarfi ta kutso arewa har ta wuce Maraɗi. In kuwa ruwan nan ya yi ɗumi, sai hadari ya tsaya ya zube a bakin teku, mu nan muna kallon sama. Haka aka yi a 1984: ba El Nino a shekarar, amma tana cikin mafi munin shekarun fari. In arewacin Atlantika da Bahar Rum sun yi ɗumi, mukan sami ƙarin ruwa. In tekun Indiya ya yi ɗumi, sau da yawa mukan rasa.

Wa yake kawo mana labari?

Bayan farin 1973 ƙasashen bakin hamada suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Tun 1998 kuma masanan yanayi na Afirka ta Yamma sukan taru kowace shekara kafin damina su fitar da hasashe guda. A Nijeriya aikin hukumar NiMet ne, wadda aka kafa da doka a 2003. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen yanayi: lokacin faɗuwar damina, da lokacin ɗaukewarta, da yawan ruwa, da inda ake tsoron ruwa zai tsaya a tsakiyar damina. Za ku ji shi a rediyo, malaman gona na KNARDA ma sukan samu. Ku tambaye su na ƙaramar hukumarku, kada ku ɗauki na jiha duka, gama na Doguwa dabam da na Ɗambatta.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Yanzu mu koma kan kalmar nan, sau da yawa. Hasashe ba alkawari ba ne. A 2014 masana da yawa sun sa ran babban El Nino, bai zo yadda aka zata ba sai a 2015. A 2015 ɗin damina ta yi jinkiri a wurare da yawa, amma daga baya ruwa ya sauka sosai. Daga 2020 zuwa 2022 aka yi La Nina sau uku a jere, ambaliyar 2022 kuwa ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Amma a Satumba na 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, Fasifik ba ya cikin El Nino, La Nina kuma ba ta kankama ba. Tekuna huɗu ne suke ja, kowanne ta nasa gefe.

Akwai kuma wata wahala. Watannin Maris zuwa Mayu su ne lokacin da Fasifik yake sāke hali, hasashen da aka yi kafin su wuce ya fi saurin kuskure. Ga shi kuwa lokacin ne manomi yake sayen iri. Saboda haka wanda ya ji hasashen Fabrairu, ya sāke kasa kunne a watan Mayu da Yuni, domin akan gyara shi.

Ga misali na yadda za a fahimce shi. Ku ɗauki tsakuwa 9 ku zuba a hula: 3 baƙaƙe na fari, 3 jajaye na damina matsakaiciya, 3 farare na ruwa mai yawa. In ba hasashe, haka hular take kowace shekara. In aka ce ana tsoron ƙarancin ruwa, ma'anarsa an cire fara ɗaya ko biyu an sa baƙaƙe a madadinsu. Har yanzu kana iya sa hannu ka ɗauko fara. Amma mai hankali ba zai sa dukan abincin gidansa a kan haka ba.

Abin da za mu yi

1. In an ce damina za ta yi jinkiri ko ta gajarta, a raba gona. A ƙara wa gero da wake da dawa mai saurin nuna wuri, a rage masara mai kwana 120. Akwai masarar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar mai nuna cikin kwana 80 zuwa 95. A nemi irin tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko. Ƙa'idar da masana suka gwada a ƙasar Nijar ita ce a sami ruwa milimita 20 cikin kwana 3, watau kusan inci ɗaya. A tona ƙasa a ga laima ta sauka sosai. A kuma ajiye irin da za a sāke shuka da shi in ta ƙi.

3. Kada a zuba takin zamani duka lokaci guda, kada kuma a zuba shi a busasshiyar ƙasa. A raba shi biyu. In ruwa ya tsaya, rabin kuɗinka yana nan a buhu.

4. A shekarar da ake tsoron fari, a datse kwarin kunya nan da can domin ruwa ya kwanta ya shiga ƙasa. A shekarar da ake tsoron ambaliya, a buɗe hanyoyin ruwa, a bar wa shinkafa kwari, a kai masara tudu, a gyara yaɓen rumbu da gindin katanga kafin marka.

5. In labarin teku ba shi da daɗi, kada a yi saurin buɗe rumbu a kai Kwanar Ɗangora. A riƙe na ci har a ga bayan watan Agusta.

6. Kowane ƙauye ya sami ma'aunin ruwa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa suke daidai, ya isa. A kafa shi a kan gungume a fili, nesa da itace da rufin ɗaki. Kowace safiya a sa rula a auna, a rubuta a littafi, a zubar. Ɗan makaranta ma zai iya. Bayan shekara biyar littafin nan zai gaya muku ko hasashen da kuke ji yana yi muku daidai.

Ba a ce a bar alamun da muka gāda ba. Zuwan shamuwa, da tohon tsamiya, da juyawar iska, duk suna faɗa mana damina ta kusa, gama shamuwa ma iskar nan ta teku take biyowa. Abin da ba su faɗa shi ne yadda Agusta da Satumba za su kasance, a nan ne awon teku yake taimako.

Da na gama bayani ran nan, dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, na ji. Bana zan raba gonar gidana biyu, rabi gero rabi masara. In tekunka ya yi ƙarya, ka zo ka ci tuwon masara. In ya yi gaskiya, ka zo mu sha fura." Na ce, "Baba, ko ta yaya dai zan zo." Allah ya ba mu damina mai albarka.